Murjanin Auta

Asabar, da hantsi

A falon 'yata Auta na kwana. Kafinta bai zo ba, ƙofar tana nan yadda maƙwabta suka ɓalle ta ranar Alhamis, sai na tokare ta da kujera. Babanta ya bugo ya ce in dawo gida, me nake gadi a nan. Na ce masa kifi.

Ba ƙarya na yi ba, akwai kifin. Tankin gilashi ne da ya cinye rabin bangon falo, zai kai yadi ɗaya da rabi, da ruwan gishiri a ciki da fitila shuɗiya a sama. Kifayen ba su da yawa. Biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, ɗaya rawaya mai tsinin baki, da wani ɗan baƙi da ba ya fitowa sai an ba da baya. Saura duk duwatsu ne da abin da Auta take kira murjani. Ni murjanin da na sani na wuya ne. Ranar da ta fara gaya mini wai waɗannan rassan dabbobi ne, suna ci suna girma, na ce to Allah ya raya mana su. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ƙarƙashin tankin kabad ne, cikinsa wani ƙaramin tanki da famfuna da wayoyin wuta a cukurkuɗe. Komai na gurnani. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na dai barbaɗa wa kifin abinci daga gwangwanin da na ga hoton kifi a jikinsa.

Ban shiga ɗakin barcinta ba.

Lahadi, bayan la'asar

Sun bari na gan ta a asibiti. An ɗauke ta daga ƙasa an kai ta hawan sama, ɓangaren da ake karɓe jakar mutum a bakin ƙofa, tagoginsa kuma ba sa buɗuwa sai ɗan kaɗan. Likitar mace ce, da kaɗan ta girmi Auta. Ta ce jiki ya fita daga haɗari, an wanke abin da za a wanke, saura kuma sai a hankali. Ta ce, "Mama, kada ki tambaye ta dalili. In ta tashi faɗa za ta faɗa."

Rigar da suka sa mata, wanda ya ɗinka ta bai san kafaɗa ba. Ita na yi ta kallo. Na ba ta labarin shago, da matar da ta kawo leshi ta ce in mayar da ita 'yar shekara ashirin, da yadda Yaya, babbar 'yar'uwata, ta zauna a kan keken ɗinkina don ta riƙe mini wurin tana ta tsinka zare. Bango take kallo. Sai da na miƙe zan fita ta ce,

"Mama, kalsiyam."

"Na'am?"

"Na tankin. Ki riƙa aunawa. Kada ya yi ƙasa da ɗari huɗu. Kayan awon na kan taga."

Tun Alhamis iyakar abin da ta ce da ni ke nan. Na riƙe shi hannu biyu.

Litinin, da safe

Kayan awon ɗan kwali ne, rana ta cinye launinsa. Ƙananan kwalabe uku, da bututun gilashi, da takarda mai hotuna. Na sa tabarau na bi hotunan. A ɗebi ruwan tanki zuwa layi, a ɗiga ta farko, a ɗiga ta biyu, a girgiza, ruwan ya koma ruwan hoda. Sai a riƙa ɗiga ta uku ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, har ya juye shuɗi. Kowane ɗigo ashirin ne. Murfin ta ukun a karkace na same shi, bakinta ya yi farin ɓawo, na goge da gefen zanena.

Ɗigo sha bakwai. Ɗari uku da arba'in ke nan.

Na sake, na kuma samun haka. Shekara talatin ina awon mutane, ban taɓa shakkar awona ba sai yau.

A cikin kabad na ga jarkoki biyu. Ɗaya an rubuta kalsiyam da hannun Auta, ɗayar ruwa ya wanke rubutun, lamba biyu kawai ta rage. Na zuba murfi ɗaya daga ta farkon, na zauna ina kallon tankin kamar zai ce na gode.

Talata, da yamma

Ɗari uku da sittin. A asibiti Auta bango take ta kallo.

Laraba, da rana

Kafinta ya zo. Ya tambayi abin da ya sami ƙofar, na ce makulli ne ya ɓace. Ya shafa inda katakon ya tsage, ya dubi sawun takalmi a jikin fentin, ya ce, "Haka ne, makulli akwai ɓata." Ya yi aikinsa ya tafi. Allah ya saka masa.

A matakala na haɗu da matar hawa na biyu, wadda ta ji shirun ya yi yawa ta kira mutane. Na buɗe baki in yi mata godiya, sai na ji ina tambayarta ranar da ake kwashe shara. Ta gaya mini. Ta riƙe hannuna ya ɗan daɗe kafin ta sake.

Baban Auta yana gaya wa dangi wai ofishinsu na zanen gine-gine ya tura ta kwas. Na ce masa kwas ɗin me za ka ce in an tambaya. Ya ce shi ya san abin da zai ce. Har yau bai taka asibitin ba. Wai ƙafarsa.

Murfi biyu na zuba.

Alhamis, da safe

Yau Alhamis. Na cire labule duka na wanke.

Juma'a, bayan la'asar

Ɗari huɗu cif! Na ƙirga ɗigo ashirin sau biyu don kada a ce son zuciya ne.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin na fara gaya mata. Ta ɗan ɗaga kai ta ce, "To." Ta ci rabin burodin da na kai mata. Na dawo a mota ina jin kamar na ci jarrabawa.

Yanzu na fara gane su ɗaya-ɗaya. Akwai mai laushi da ke kaɗawa kamar gezar mayafi, akwai mai kama da ƙwaƙwalwa, akwai wasu ƙananan furanni da ke rufewa in kifi ya gifta. Babbansu yana tsakiya, kore mai rassa, bakin kowane reshe ruwan shunayya. Ƙahoni take kiransa. Na tuna lokacin da ta sayo shi bai fi ɗan yatsana ba, ta turo mini hotonsa na ce wannan ai guntun alli ne. Shekara biyar tana renonsa. Yanzu hannuna biyu ba za su rufe shi ba.

Lahadi, da hantsi

Ɗari huɗu ai bakin gaɓa ne. Ko yadi zan yanka ba na yanka shi daidai wa daida, sai na bar rara. Na ce bari in kai shi ɗari huɗu da arba'in hankalina ya kwanta. Jarkar farko ta yi ƙasa, na ce ta biyun ai 'yar'uwarta ce, tun da tare suke zaune. Na haɗa su a kofi ɗaya na juye.

Kafin in ajiye kofin ruwan ya yi fari fat kamar an tsiyaya madara. Wani farin gari ya riƙa sauka a kan duwatsu, a kan murjanin, a kan komai. Kifin rawayan ya shige bayan dutse. Na tsaya da kofi a hannu ina salati.

Na je asibiti ban gaya mata ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Litinin, da safe

Ruwan ya washe. Awo ya ce ɗari uku da sittin. Ina abin da na zuba ya tafi? Na ƙara.

Talata, da yamma

Gindin Ƙahoni ya yi fari. Da farko na zaci garin nan ne, na kaɗa ruwa da hannu ya ƙi tashi. Naman ne ya saɓule, ƙashi ya fito, faɗin farce biyu.

Yau ta tambaya. "Ya tankin?" Na ce lafiya lau. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma ga bangonta.

Yaya ta bugo ta ce masu kaya sun fara surutu, ta ce kuma muryata ba ta yi mata ba, ina cin abinci kuwa? Na ce ina ci. Ta ce, "Ke da 'yarki duk baki ɗaya gare ku." Na ce mata zare ya ƙare a durowar sama, ta duba ta ƙasa.

Laraba, da safe

Farin ya hau. Ɗari uku da tamanin. Na ƙara. Ban shiga ɗakin ba.

Alhamis, da rana

A jikin bokitin gishirin da ke kabad akwai tambarin shagon da take sayayya. Na cika kwalbar ruwa daga tankin, na sa kwalin awon a jaka, na hau mota biyu na je.

Shagon a bayan wani wurin wankin mota yake, ciki duhu-duhu, tankuna har rufi, ga ƙamshin teku. Mai shagon wata ƙatuwar mace ce mai fara'a, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu. Na nuna mata hoton tankin a waya. Ko minti ba ta yi ba ta ce,

"Wannan ai tankin Injiniya ne! Ke ce mamanta? Ina ta shige? Da duk Asabar tana nan tana hana ni ciniki da surutu. Na fi wata huɗu ban sa ta a ido ba."

Na ce ba ta jin daɗi ne. Ta dube ni, ta jawo mini kujera, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta auna ruwan da kayanta. Ɗari biyar da sittin. Na ce ba zai yiwu ba, da safen nan na auna. Ta karɓi kwalina ta ɗaga kwalba ta uku a haske.

"Mama, wannan ta sha iska. An bar ta a buɗe, ga rana, ruwanta ya ƙafe ta yi kauri. Ɗigo ɗaya nata yana aikin ɗaya da wani abu, shi ya sa launin ke saurin juyawa, ki ga kamar kalsiyam ya yi ƙasa. Ƙirgarki daidai ce, kwalbar ce ke miki ƙarya. Ko ni ce haka zan ƙirga."

Sai ta auna wani abu da ta kira alkaliniti. Ni dai na sa masa Alƙali, ta yi dariya ta ce sunan ya dace, don shi ke raba gardama a cikin ruwa. Shi ne ke cikin jarka ta biyu. Ta ce murjani da su biyun yake gina ƙashinsa, in ɗaya ya yi yawa sai ya danne ɗayan, in kuma aka haɗa su a kofi ɗaya sai su dunƙule su zama alli. Nawa ya faɗi zuwa biyar, alhali takwas ake so. Ta ce da alama tun kafin in karɓi tankin ya fara sauka, an daɗe ba a zuba ba.

Na ce me zan zuba yanzu.

"Ba komai."

"Kamar ya ba komai?"

"Kalsiyam ki rufe jarkar ki manta da ita. Alƙalin naki kuma rabin murfi da safe, cikin kofin ruwa, a hankali. Ki riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ki ce za ki gyara a kwana ɗaya, saurin gyaran ya fi ɓarnar kashe su."

Na dawo da sababbin kwalayen awo guda biyu. A mota na yi ta lissafin wata huɗu. Duk Lahadin da ke cikinsu ta zo gida ta ci abinci, ta wanke kwanuka, ta yi wa babanta tsiya a kan rediyonsa.

Juma'a, da safe

Hannuna sai kai wa jarkar yake. Na ɗauke ta na kai bayan firji.

Asabar, da yamma

Canjin ruwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Tataccen ruwa ake saye a jarka, a hau da shi hawa uku, a dama gishiri, a bar shi ya kwana. Na buga wa Baban Auta na ce ina bukatar mai ɗaukar kaya. Ya ce ƙafarsa. Na ce to shi ke nan. Kafin azahar sai ga shi da jarka biyu yana haki.

Rabonsa da gidan nan tun ranar da Auta ta tare. Ya tsaya a tsakar falo hannu a baya kamar mai duba gidan haya. Ya ce wannan tankin shi ne asalin komai, mace ta zauna ita kaɗai da kifi, a sayar da shi ta dawo gida cikin mutane. Na ci gaba da dama gishiri. Can sai ya karkata kai.

"Famfon nan ba ya jan ruwa daidai."

Mutumin da ya yi aikin gidan ruwa har ya yi ritaya, ba a gaya masa kukan famfo. Ya durƙusa da ƙafar da ke ciwon, ya kashe wuta, ya kwance shi. Cikinsa duk farin allin nan nawa ne ya daskare. Ya nemi ruwan tsami a kicin ya jiƙa shi, ya zauna a ƙasa yana gogewa da tsohon buroshin haƙori yana faɗa da wanda ya ƙera famfon. Ya ce in samo masa tawul. Na ce suna ɗakin barci. Ya dube ni. Na dubi tanki.

Shi ya tashi ya shiga. Ya daɗe. Na ji ya buɗe taga, na ji ƙarar jan gado, na ji shiru. Da ya fito ya ɗauro zanen gadon a dunƙule ya sa a leda, idonsa ja. Ya manta tawul ɗin. Da gefen rigarsa ya goge famfon.

Lahadi, bayan la'asar

Tare muka je. A bakin ƙofa suka ce ya ajiye hularsa da abin da ke aljihu, ya ajiye bai yi musu ba. Da ta gan shi ta gyara zama. Ya ce, "Auta." Ta ce, "Baba." Ya zauna ya fara ba ta labarin famfo, tun daga kwancewa har ɗaurawa, da irin sakacin masu ƙera kayan yanzu. Sai na ga hawaye na bin fuskarta, shi kuma bai daina ba, ya dai miƙa hannu ya riƙe ƙafarta ta saman bargo yana ci gaba da bayanin roba da ƙusa.

Na fita baranda na bar su.

Talata, da safe

Kalsiyam ɗari biyar da ashirin. Alƙali shida. Farin ya cinye rabin Ƙahoni.

Laraba, da yamma

Na aika wa mai shago hoton Ƙahoni. Ta bugo nan take ta ce ba zai tsaya ba, in ana so a tsira da wani abu sai a yanke rassan da ke da rai tun farin bai kai gare su ba. Ta rufe shagonta ta zo da kanta, da ɗan almakashin ƙarfe da gam da wasu ƙananan duwatsu kamar maɓallan kwat.

Ta ciro shi ta sa a roba. A waje ba shi da kyan da yake da shi a ruwa, ga wari. Ta nuna mini inda za a yanka, sama da farin da ɗan tazara, a cikin lafiyayyen nama. Ta miƙo mini almakashin.

"Ke ce tela."

Na ce yadi in na ɓata ina iya sayo wani. Ta ce wannan in ba a yanka ba ne za a ɓata. Na yanka. Yana ƙaras kamar karya busasshen biskit. Guda bakwai muka samu, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Muka manna su a kan duwatsun muka jera a gaban gilashi. Ragowar, farin ƙashi mai rassa, ta ce in jefar ko in ajiye. Na wanke shi na ɗora a kan firji.

Da za ta tafi ta ce, "Ki ce wa Injiniya kujerarta na nan." Ta ƙi shan ko shayi.

Tsakiyar tankin ya zama fili. Kifin rawayan sai zagaya wurin yake.

Alhamis, da rana

Biyu daga cikin bakwai sun yi fari. Saura na nan.

Juma'a, bayan la'asar

Na gaya mata. Ban shirya ba, ta ce ya tankin, na buɗe baki in ce lafiya lau sai maganar ta ƙi fita. Na faɗa mata kwalbar, da madarar, da almakashi, da biyar ɗin da suka rage. Na ƙare ina jiran abin da zai biyo baya, ina kallon ƙofa ko zan kira ma'aikaciyar jinya.

Ta ce, "Kin haɗa ɗaya da biyu a kofi ɗaya?"

Na ce eh.

Ta rufe baki da hannu. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, ƙarama, irin wadda ta daɗe ba a taɓa ta ba. Ta ce ita ma ta taɓa yi a shekararta ta farko, ta kira mai shago tana ihu wai tankinta ya kama da ƙanƙara.

Ta sauke hannun. Ta ce, "Na san kwalbar a buɗe take. Kullum ina ganinta a kan taga, in ce zan tashi in rufe. Wata da watanni. Taku uku ne daga kujera, Mama. Na kasa."

Ban tambaye ta dalili ba. Na ce, "To."

Ta ce, "Ranar nan ma ban san me ya sa na ce miki kalsiyam ba. Kina ta kallona ne, na rasa abin da zan ba ki ki riƙe."

Na ce ai kuwa kin ba ni, har ya fi ƙarfina. Ta sa kanta a kafaɗata. Gashinta na bukatar wanki. Mun zauna haka har aka zo aka ce lokaci ya yi.

Lahadi, da safe

Ɗari huɗu da tamanin. Bakwai. Na shiga ɗakin na share, na shimfiɗa sabon zanen gado. Ɗaki ne kawai. Akwai takalminta ɗaya a ƙarƙashin gado, na nemi ɗayan har na gaji.

Talata, da rana

Likita ta tara mu, ni da babanta da ita. Ta ce za a sallame ta ƙarshen mako, da magani, da zuwa ganin likita duk mako, kuma ba a so ta zauna ita kaɗai tukuna. Babanta ya ce ai an gama magana, ɗakinta na gida na nan, tankin kuma za a san yadda za a yi da shi. Likita ta ce, "Baba, bari mu ji ta bakinta."

Auta ta ce gidanta take so. Ta faɗa sau biyu. Ta ce in Mama za ta iya zama da ita na ɗan lokaci.

Na ce kujerar falon ta riga ta san bayana.

Babanta ya yi ta shafa kai. Can ya ce to ruwan fa, wa zai riƙa hawa da shi, ai sai dai ya riƙa zuwa duk Asabar. A hanya ya ce mini ya gaya wa ƙanwarsa gaskiya jiya. Na ce me ta ce. Ya ce kuka ta yi, ta ce me ya sa ba a faɗa mata tun farko ba, ita da ɗanta ya yi shekara yana shan irin maganin nan ba wanda ya sani.

Alhamis, da yamma

Na kawo keken ɗinkina na kafa a gefen taga. Yaya ta ce Allah ya raka taki gona, na ce da ni kike ko da keken. Ƙananan rassan guda biyar sun fito da wasu 'yan gashi-gashi, mai shago ta ce hannuwansu ne, alamar suna cin abinci.

Asabar, da yamma

Ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sabon makullin. Ta wuce tankin ba ta kalle shi ba, ta shiga ɗaki ta kwanta. Na bar ƙofar a buɗe, ba ta ce in rufe ba. Na leƙa fiye da yadda ya kamata.

Lahadi, da rana

Barci. Ta sha shayi, ta ci ƙwai ɗaya. Ta ga farin ƙashin a kan firji, ta ɗauka ta juya shi, ta mayar. Ba ta je wajen tankin ba. Ban ce ta je ba.

Litinin, da yamma

Haka dai. Na yi awon da kaina. Ɗari huɗu da sittin, bakwai da rabi. Na faɗa da ƙarfi kamar da kifin nake.

Laraba, da hantsi

Ina kicin ina wanke kofi na ji an buɗe kabad. Na ji ƙarar bututun gilashi a kan tebur. Na ci gaba da wanke kofin nan, kofi ɗaya, har ya kusa hujewa. Ina jin ta tana ƙirga a hankali, ta tsaya, ta sake daga farko. Maganin yana sa hannunta rawa, ɗigon sai ya faɗo biyu-biyu.

Can ta ce, "Mama."

Na ce na'am, ban juya ba.

"Zo ki riƙe mini kwalbar. Ni zan duba launin."

Na goge hannu na je. Na ɗiga, tana ƙirgawa, kanta dab da nawa. A na ashirin da biyu ta ce tsaya. Ta ɗaga bututun a hasken taga ta ce shuɗi ne. Ni a idona da sauran shunayya, da na ƙara ɗigo ɗaya. Ta ce shuɗi ne, Mama.

Na rufe kwalbar.